Kakar Gahawa a Tsaunukan Gediyo

Na daɗe ina aiki da ƙananan manoman riɗi da zoɓo, masu neman yadda kayansu zai kai kasuwar waje ba tare da ya bi ta hannun 'yan baranda da dillalai barkatai ba. Kullum inda muke cijewa ɗaya ne. Mai saye a Turai yana son takardar shaidar cewa ba a zuba takin zamani ba, ba a yi feshi ba, shi kuwa manomi mai kadada ɗaya ba shi da kuɗin wannan takarda. Duk taron da aka yi sai an kawo mana misalin manoman gahawa na kudancin Habasha, a ce su sun gano bakin zaren. Shi ya sa da na sami hali a watan Disamba, tsakiyar kakarsu, na hau jirgi daga Kano zuwa Adis Ababa don in gane wa idona.

Direban da zai kai mu ya ce mu kintsa ƙarfe 12. A lissafinsu wannan shi ne ƙarfe 6 na safe, domin Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi. Muka fita gari cikin sanyi mai ratsa ƙashi, a Mojo muka karkata kudu, muka gangara cikin babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka. Ƙasa ce busasshiya mai itatuwan ƙaya, ga tafkuna jefi-jefi, ga dogayen rumfunan leda a Ziway inda ake noman furannin da ake kai wa Turai. Mun wuce Shashamane ba mu tsaya ba. A Hawasa muka ci soyayyen kifi a bakin tafki, babba-da-jaka na ta shawagi a kanmu suna jiran ƙaya.

Daga nan hanya ta fara hawa, ƙasa ta sauya kamanni. Jar ƙasa, kore ko'ina, yara a gefen titi suna miƙo abarba da piya. Bayan Dila, babban garin al'ummar Gediyo, babu wani fili da za ka kira daji, kuma babu wanda za ka kira gona yadda muka saba gani. Gidaje ne a cikin itatuwa, hayaƙi na fitowa ta rufin ciyawa. Da la'asar sakaliya muka shiga Yirgacefe, kusan kilomita 400 daga Adis Ababa. Sunan garin ya fi shi girma nesa ba kusa ba: titi ɗaya ne babba, wanda ya miƙe har Moyale a iyakar Kenya, sai shaguna, sai a-daidaita-sahu da suke kira bajaj. Mahauta kowa da alamarsa a ƙofa, na Musulmi jinjirin wata, na Kirista gicciye, don haka baƙo ba ya rasa inda zai ci nama.

Washegari wani matashi da ke aiki da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gama-kai na yankin, wanda shi ne ya zame mini tafinta, ya kai ni gonar wani dattijo. Mota ta ajiye mu, muka taka da ƙafa ta wata siririyar hanya mai santsi. Tsaunukan nan suna tsakanin mita 1,700 zuwa 2,200 sama da teku, numfashina ya shaida haka.

Gonar ba ta kai kadada guda ba, kuma ba kunya ko ɗaya a cikinta. Hawa-hawa take. Can sama manyan itatuwa ne masu inuwa, akwai birbira, akwai wanza, wadda ita ce alillibarmu. Ƙarƙashinsu inset, wata shuka mai kama da ayaba, sai dai ba 'ya'yanta ake ci ba. Mata ne ke kankare jikinta da gindinta, su binne a rami ya yi watanni yana tsima, daga nan a yi koco, abincin gida na yau da kullum. Ƙarƙashin inset ne itatuwan gahawa suke, sirara, wasu sun fi ni tsawo. A ƙasa kuma gwaza, kabeji da wake. Dattijon ya durƙusa ya tura hannu cikin ganyayen da suka zube, ya ɗebo ƙasa ya miƙo mini. Baƙa ce, da danshi, da tana a ciki, ga shi an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ya ce inset ce ke riƙe ruwa a jikinta tana shayar da maƙwabtanta. Kashin saniya da toka da sharar gida kusa da ɗaki ake zubawa, gindin inset. Ciyawa kuwa da adda ake sare ta a bar ta nan ta ruɓe.

Na ce wa tafinta ya tambayar mini Baba yaushe ya daina sa takin zamani. Ya yi murmushi ya ce bai taɓa farawa ba, haka ma mahaifinsa.

Wannan amsa ita ce ginshiƙin duk abin da na gani daga baya. Abin da Turawa ke kira oganik, suke ƙara kuɗi a kansa, a nan shi ne noman da aka gada. Akwai masu cewa talauci ne kawai, wai da suna da kuɗin taki da sun zuba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, taki na da tsada, wanda ya samu ma masararsa yake kai wa. Amma wanda ya tsaya a gonar nan ya ga yadda kowace shuka ke ɗaukar nauyin wata, ba zai ce rashi ne kaɗai ya tsara ta ba. Ilimi ne, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sa yankin Gediyo cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wannan tsarin noma na daga cikin dalilan. Ko da cuta ta zo, ba feshi ne ya ceci manoman Habasha ba. A 1971 aka ga ɓullar cutar da ke ruɓar da 'ya'yan gahawa tun suna ɗanye. Masana a cibiyar bincike ta Jimma suka shiga dazuzzukan kudu maso yamma, inda gahawa ke fitowa da kanta, suka zaɓo itatuwan da cutar ba ta kamawa. Har yau manoma na kiran irin da lambarsa, 74110 da 74112, lambobi biyu na farko suna nuna shekarar da aka zaɓo su, 1974. Dattijon yana da su, gauraye da tsofaffin iri na gida, kurume da dega da wolisho.

Na taya su tsinka na ɗan lokaci. A reshe ɗaya za ka ga kore, rawaya da ja, kuma ja kaɗai ake so, shi ya sa ake komawa itace ɗaya sau da yawa kafin kaka ta ƙare. Ɗan gahawa bai fi ɗan magarya girma ba. Na tauna ɗaya: ɓawo, sai ɗan nama mai zaƙi da yauƙi, sai ƙwaya biyu manne da juna. Sai an tara kilo 5 zuwa 6 na waɗannan kafin a sami kilo ɗaya na busasshiyar ƙwayar da ake fitarwa waje. Jikar dattijon, yarinya 'yar makaranta, ta cika kwandonta ni ban rufe gindin nawa ba.

Da yamma kowa ya nufi wurin wankin gahawa na ƙungiya, wanda aka gina a gangare kusa da rafi. Wasu da buhu a ka, wasu a jaki, wasu a babur. Kafin a hau sikeli sai mutum ya baje kayansa a tamfol ya tsince kore da wanda ya lalace. Magatakarda na zaune da babban littafi, yana duba lambar mamba, ya rubuta nauyi, ya yago rasit. Dole a ɓare a daren, idan ya kwana ya fara lalacewa, don haka bayan isha inji na ta ruri, yana tofar da ɓawo gefe guda, ƙwaya na bin ruwa zuwa kwatamin siminti. A nan take kwana ɗaya da rabi ko biyu, wani lokaci fiye, har yauƙin ya sake ta. Da safe na tarar da samari cikin doguwar magudana, ruwa har ƙwauri, suna tura ƙwayar da faffaɗan katako suna waƙa, ɗaya na bayarwa sauran na amshi. Mara nauyi tana tasowa ruwa ya tafi da ita, mai nauyi ta zauna a ƙasa, ita ce ta ɗaya.

Sai shanya. Gadaje ne na itace da raga, tsayinsu daidai ƙugu, jere reras sun rufe gangaren. Mata na tsaye gefe da gefe suna juyawa, suna tsince duk ƙwayar da ta fashe ko ƙwaro ya huda. Rana ta take a rufe don kada ta tsage, dare ya yi a rufe saboda raɓa, haka har kwana 10 zuwa 15. Wadda ake shanyawa da ɓawonta ba wanki ta fi haka daɗewa. Ɓawon da inji ya tofar ana tara shi ya ruɓe ya zama taki, mambobi su kwasa. Ruwan wankin kuwa matsala ne babba, in ya koma rafi yana ɓata ruwan shan mutanen da ke ƙasa. A nan sun haƙa masa ramuka, sun dasa ciyawar jema tana tace shi.

Matan nan sun tsaya mini a rai. Da yawansu ba mambobi ba ne, 'yan ƙodago ne da ake biya kullum, wasu ba su da ko taƙin ƙasa. Idanunsu da yatsunsu ne ke mayar da gahawar nan ta zama mai daraja ta ɗaya, amma ribar ƙarshen shekara da sunan mai gona ake raba ta. Ina ganin duk wanda zai yabi wannan tsari, ya kamata ya faɗi wannan ma.

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne, da kabad cike da fayil. A nan na sami abin da na zo nema. Kowane mamba yana da takardarsa: zanen gonarsa, yawan itatuwansa, abin da maƙwabcinsa ke shukawa, da kiyasin abin da zai iya kawowa a kakar. In ya kawo fiye da kiyasi sosai, sai ya yi bayanin inda ya samo, don kada gahawar wani da ba a san yadda ya noma ta ba ta shigo ta bayan gida. Ƙungiya na da masu dubanta na cikin gida, waɗanda ke zaga kowace gona duk shekara. Sannan hukumar ba da shaida ta turo nata jami'in, ya duba littattafai, ya zaɓi wasu gonaki ya je da kansa. Takarda ɗaya ake bayarwa da sunan kowa da kowa. Da haka kuɗin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya rabu a kan ɗaruruwa. Amma laifin mutum ɗaya ma yana iya shafar kowa, shi ya sa maƙwabci ke sa ido a kan maƙwabci. Gonar da aka taɓa yi wa feshi sai ta shekara 3 kafin a karɓe ta. Takardar duk shekara ake sabunta ta, da kuɗin waje ake biya, kuma Turai da Amurka da Japan kowa da ƙa'idarsa. Sabuwar dokar Tarayyar Turai ma ta ce rukuni ɗaya kada ya wuce mutum 2,000, abin da ya tilasta wa manyan ƙungiyoyi sake tsari da ƙarin kashe kuɗi.

Shugaban ƙungiyar, manomi ne shi ma, mambobi suka zaɓe shi, ya ce da farko mutane gudun sunan ƙungiya suke yi. Zamanin mulkin soja na Dargi, daga 1974 zuwa 1991, dole ake sa manomi ya shiga, gwamnati ce ke yanka farashi. Da mulkin ya faɗi aka wawashe da yawa daga cikin ƙungiyoyin. Wahala ce ta dawo da mutane. A 1989 yarjejeniyar da ke ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ta rushe, zuwa 2001 farashi a kasuwar duniya ya faɗo ƙasa da santi 50 na dala a kan fam ɗaya, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. A wasu sassan ƙasar manoma suka tuge gahawa suka dasa cat, ganyen nan da ake taunawa. Cikin wannan hali, bayan dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1998, aka kafa uwar ƙungiyar manoman gahawa ta jihar Oromiya a 1999 da ƙananan ƙungiyoyi 34, Tadesse Meskela na jagorantarta. Ta yankin Sidama ta biyo a 2001, ta Yirgacefe a 2002 da ƙungiyoyi 13. Babban abin da suka samu shi ne izinin sayar wa mai saye na waje kai tsaye ba tare da bi ta kasuwar gwanjo ba, kuma ko da aka buɗe kasuwar hajoji ta ƙasa a 2008 izinin bai faɗi ba.

Yawancinsu suna haɗa takardar oganik da ta Fairtrade, tsarin cinikin adalci da ke yanka wa kayan manomi mafi ƙarancin farashi. A watan Agustan 2023 Fairtrade ta yanka wa wankakkiyar arabika, irin gahawar da ake nomawa a nan, mafi ƙarancin farashi na dala 1.80 a fam, da ƙarin santi 40 in oganik ce, da wasu santi 20 na ayyukan al'umma, waɗanda mambobi ke yanke shawarar abin da za a yi da su. An nuna mini ajujuwa da famfon ruwa da aka ce da irin kuɗin aka yi. Ribar da ta rage kuwa, kashi 30 cikin 100 ajiya, kashi 70 a raba wa mambobi gwargwadon abin da kowa ya kawo. Wannan shi ne biya na biyu, kuma shi ne abin da ɗan kasuwa ba ya bayarwa.

Sai dai kada a ɗauka kowa na kai duk kayansa ƙungiya. A hanyar wurin wankin na ga masu saye na 'yan kasuwa da sikelinsu a gindin itace, kuɗi a hannu. Ƙungiya da bashin banki take saye, bashin kuma yakan makara, wata rana kuɗi ya ƙare tun kafin layi ya ƙare. Mai ɗa a asibiti ba zai jira biyan da zai zo bayan watanni ba, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Dattijon da kansa ya ce yakan raba, wani nan wani can, ban kuma ga laifinsa ba. In farashin duniya ya yi sama, kamar yadda ya haura dala 4 a fam a watan Fabrairun 2025, ɗan kasuwa na iya biyan abin da ƙungiya ba za ta iya ba, don ita ga kuɗin takarda a wuyanta. Ba kuma duk gahawar da ke da shaida ce ke samun mai saye da farashin shaida ba, ragowar haka ake sayar da ita kamar kowace. Duk da haka kowa ya yarda da abu ɗaya: ranar da sikelin ƙungiya ke buɗe, masu saye na gindin itace ma sukan ƙara kuɗi. Har wanda ba mamba ba yana cin albarkacinta.

A gidan dattijon aka yi mana gahawa. Uwargida ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta wanke ƙwayar, ta soya a faranti bisa gawayi har ta yi baƙi tana ƙyalli, ta zagaya da ita kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Ta daka a turmi, ta zuba a jabana, butar nan ta yumɓu mai dogon wuya wadda 'yan uwanmu na Sudan suka sani sarai. Ga turaren lubban, ga gugguru a faifai. Ta ɗaga hannu sama tana tsiyayawa cikin finjalai ba tare da ta yanke ba. Zagaye uku ake yi, abol, tona, baraka, kuma ba a tashi kafin na uku. Ni da sukari na sha, Baba da gishiri. Habasha ce kan gaba a noman gahawa a Afirka, kuma kusan rabin abin da take nomawa a gida ake shanye shi, ko da yake doka ta hana sayar da mai darajar fitarwa a kasuwar cikin gida.

Muna zaune hira ta koma kan ƙasa. Yankin Gediyo na daga cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka, gona na ƙanƙancewa da kowane gado. A 2018 rikici a iyakarsu da maƙwabtansu, al'ummar Guji, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. 'Ya'yan dattijon maza, ɗaya na tuƙa babur a Dila, ɗaya na Adis Ababa. Ga kuma sabon nauyi: dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka, wadda ta ce duk gahawar da za ta shiga can sai an nuna ainihin wurin da gonar take a taswira, da shaidar cewa ba a sare daji don ita ba bayan ƙarshen 2020. An ɗage ranar fara aiki da dokar, amma tafintana ya riga ya fara bin gonaki da wayarsa yana ɗaukar lambobin wuri. Manufar dokar mai kyau ce. Abin da ya dame ni shi ne, mutanen da suka fi kowa riƙon itace su ne za su ɗauki wahalar tabbatar da hakan, kuma wanda ba ya cikin ƙungiya ba shi da mai bi masa gona da waya.

Da na koma Adis Ababa na nemi ganin inda kayan ke ƙarewa. A ma'ajiyar uwar ƙungiya inji na sussuke busasshen ɓawon ciki, wani na rarrabewa bisa girma da nauyi, sannan mata su sake tsincewa da hannu. Masu ɗanɗano na kurɓa da cokali suna tofarwa, suna ba da maki. Buhunan oganik a keɓe suke, kilo 60 kowanne, sababbi fil, da sunan ƙungiyar ƙauye da lambar kaya a jiki. Na tambayi dalilin tsananin da ake yi kan buhu. A 2008 Japan ta sami burbushin maganin ƙwari a gahawar Habasha, cinikin ya durƙushe na wani lokaci, kuma tsofaffin buhunan da aka taɓa zuba wani abu a ciki aka fi zargi. Nan take na tuna da wakenmu, wanda Tarayyar Turai ta hana shiga a 2015 saboda maganin da ake barbaɗa masa a wurin ajiya. Manomi na iya yin komai daidai a gona, a ɓata masa a sito.

Daga ma'ajiyar ake loda kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Jibuti, tun da Habasha ba ta da gaɓar teku. Sai kaya ya isa, mai saye ya biya, an cire bashin banki da kuɗin mota da na takarda, babban taron mambobi ya zauna ya amince da lissafi, sannan magatakarda zai sake buɗe littafin nan ya kira lambar dattijon.